Kai Saƙo da Keke: Aikin Manhaja, Aikin Albashi, ko Kwastomomin Kanka?

Duk mai tunanin shiga sana'ar kai saƙo da keke a yau, abin da ya fara tambaya shi ne ko sana'ar tana da sauran kwana. Tana da shi. Sai dai wannan amsar ba za ta amfane shi ba har sai ya gane cewa sana'ar ta rabu gida uku, kuma makomar gidajen ba ɗaya ba ce. Akwai mai karɓar oda ta manhajar waya, ana biyansa kan kowane aike. Akwai wanda kamfani ya ɗauka yana biyansa kan awa ko kan wata. Akwai kuma wanda ya riƙe kwastomominsa da kansa, shi kaɗai ko cikin ƙungiyar gama kai. Dukansu feda suke takawa, rana da ruwan sama ba su bar kowa ba a cikinsu, amma bayan shekara biyar abin da kowanne zai tarar a hannunsa ya sha bamban.

Ya kamata a fara da abin da ya mutu, don kada mutum ya je nemansa. Sana'ar tsohuwa ce. Tun ƙarshen ƙarni na 19 yara ke kai saƙon telegiram a kan keke a biranen Amurka, kuma kamfanin UPS da kowa ya sani ya faro ne a 1907 a birnin Seattle, da samari masu kai saƙo a ƙafa da kan keke. A shekarun 1980 masinjojin keke sun cika titunan New York da Landan, suna zirga-zirga tsakanin lauyoyi da bankuna da kamfanonin talla, har ta kai a 1987 magajin garin New York, Ed Koch, ya yi yunƙurin hana keke bin wasu manyan tituna uku na tsakiyar birnin, masinjoji suka fito zanga-zanga, yunƙurin ya bi ruwa. Abincin waɗancan mutanen takarda ce. Na'urar faks ta fara rage musu shi, imel ya ƙara ragewa, sannan dokoki suka halatta sa hannu ta kwamfuta, kamar yadda Amurka ta yi a shekarar 2000, kotuna kuma suka koma karɓar takardu ta intanet. Wannan kasuwar ba za ta dawo ba. Abin da ya yi saura daga cikinta shi ne kayan da ba sa wucewa ta waya: fasfo, makulli, samfurin jinin da za a kai ɗakin gwaji, magani, kayan gyaran injin da ya tsaya ana jira. Kasuwa ce ƙarama, amma tana biya da kyau, kuma za mu dawo kanta.

Intanet ɗin da ta ɗauke takarda ita ce ta kawo abinci da fakiti, ninkin-ba-ninkin. Kaya dai ba su taɓa yawa kamar yanzu ba. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da kwastoma, wa ke yanke farashi, kuma wa ke ɗaukar asara ranar da abu ya ɓaci.

Aikin manhaja

Nan ne ƙofa ta fi faɗi. Deliveroo ya fara a Landan a 2013, DoorDash ma a shekarar a Amurka, Uber ya shiga kai abinci a 2014, Glovo ya biyo baya daga Barcelona. Tsarinsu kusan ɗaya ne: ka yi rajista, a duba takardunka, ka goya jaka, ka kunna waya. Ba wanda zai tambaye ka shaidar makaranta, kuɗi na shigowa mako-mako, kuma ranar da ba ka so fita ba ba ka fita. Ga ɗalibi, ko baƙon da bai daɗe da sauka a gari ba, ko wanda aiki ya kuɓuce masa yana neman abin da zai riƙe gida kafin wani ya samu, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke raina shi.

Amma a yi lissafi na gaskiya. Manhaja tana nuna maka abin da ka samu kan kowace oda, ba ta nuna maka mintunan da ka yi tsaye a ƙofar gidan abinci kana jiran a gama girki, ko awannin da ke tsakanin azahar da magariba lokacin da wayar ta yi shiru. A yawancin wurare wannan lokacin ba a biyansa. Lissafin da ya dace shi ne ka ɗauki abin da ka samu tun daga fitarka gida har komawarka, ka cire kuɗin taya da sarƙa da birki da data da lalacewar waya, ka ware wani abu na ranar rashin lafiya tunda ba wanda zai biya ka ita, sannan ka raba da yawan awannin. Adadin da zai fito shi ne ladanka. Da yawa sun yi wannan lissafin sun tarar da shi ƙasa da mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a inda suke.

Na biyu, kwamfuta ce ke rabon aiki, kuma ba ka ganin yadda take yanke hukunci. Ita ke zaɓar wanda zai samu oda, ita ke auna lokacin da ya kamata ka isa, ita ke tara taurarin da kwastomomi suka ba ka. A ƙasar Sin, inda manhajoji irin su Meituan ke da miliyoyin masu kai abinci, ƙorafi kan yadda ake ta rage lokacin isarwa har direbobi na karya dokar hanya ya yi yawan da a 2021 hukumomi suka fitar da umarni cewa a sassauta. Sannan kamfani yana amfana idan mahaya suka yi yawa, domin kwastoma ba zai jira ba, kai kuwa yawansu raguwar rabonka ne. Wannan saɓanin buƙata yana cikin ginin tsarin, ba ya tafiya don an canza manaja.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: kwastoman ba naka ba ne. Ka yi shekara uku kana kai wa gida ɗaya abinci, ba su san sunanka ba, ba ka da lambarsu. Aikin ƙwadago ne a gonar wani, a biya ka da yamma, amfanin gona kuma na mai gona. Ranar da aka rufe asusunka, ko kamfanin ya tattara ya bar ƙasar, ba abin da za ka tafi da shi sai keke da sanin hanya. Kuma suna tafiya. Take Eat Easy na Beljiyam ya durƙushe a Yulin 2016 da bashin mahaya a kansa. Deliveroo ya bar Sifaniya a 2021, ya bar Holan da Ostireliya a 2022, shi kansa kuma DoorDash ya saye shi a 2025.

Ko doka za ta gyara wannan? Ya danganta da inda kake, kuma bambancin babba ne. Kotun Ƙolin Sifaniya ta yanke a Satumban 2020 cewa mahayin Glovo ma'aikaci ne, a 2021 aka yi dokar da ta ɗauki mahayan manhaja a matsayin ma'aikata, duk da cewa Glovo bai sanar da komawa wannan tsarin a can ba sai Disamban 2024. Kotun Ƙolin Holan ta bi irin wannan layin a 2023 game da Deliveroo. A shekarar nan dai Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke akasin haka, hujjarta kuwa ita ce mahayi yana da damar sa wani ya yi aikin a madadinsa. Tarayyar Turai ta amince da doka kan aikin manhaja a 2024, ta ba ƙasashenta zuwa Disamban 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu. A cikinta akwai cewa ba za a kori mutum da hukuncin kwamfuta kaɗai ba, sai ɗan Adam ya duba. New York ta bi wata hanya daban: ba ta mai da su ma'aikata ba, ta tsayar da mafi ƙarancin biya, dala 17.96 a awa daga Disamban 2023, wanda ya kai dala 21.44 a Afrilun 2025.

Ga abin lura a nan. Inda doka ta ɗaga biya, kamfanoni sun matse ƙofa. A New York sun koma taƙaita yawan masu kunna manhaja lokaci guda, sai ka kama gurbi tun da wuri. Ke nan idan aikin manhaja ya gyaru, yana rasa abin da ya sa mutane ke son sa, wato shiga da fita yadda aka ga dama. Inda kuma ya ci gaba da zama a buɗe ga kowa, biya ne ke sauka. Wanda ke tsara rayuwarsa kan wannan aiki ya san cewa ɗaya daga cikin biyun nan zai same shi.

Aikin albashi

Nan ana biyanka ko oda ta zo ko ba ta zo ba, kuma a ƙasashen da dokar ƙwadago ke aiki kana da hutu da kuɗin jinya da inshorar haɗari. A Jamus, babbar kotun ƙwadago ta yanke a Nuwamban 2021 cewa kamfanin da ya ɗauki mahayi aiki shi ne zai ba shi keke da waya, ko ya biya shi diyyar amfani da nasa. Farashin wannan kwanciyar hankalin shi ne jadawali: kai ba ka zaɓar ranar ruwan sama.

Sai dai albashi ma iri-iri ne. Kamfanonin da suka yi alkawarin kawo cefane cikin minti goma sun ɗauki dubban mahaya aiki lokacin annobar korona, da kuɗin masu zuba jari. Gorillas ya fara a Berlin a 2020, Getir na Turkiyya ya saye shi a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Getir ya janye daga Jamus da Birtaniya da Holan da Amurka. Albashin da jarin baƙi ke biya, ba ribar aiki ba, yana ƙarewa ranar da jarin ya ƙare.

Inda nake ganin aikin ya fi tabbas shi ne dakon fakiti da keken kaya, mai akwati a gaba ko a baya, wanda batir ke taimaka wa ƙafa. Dalilin lissafi ne kawai. A tsakiyar birni mai cunkoso, motar kaya tana ɓata lokacinta a neman wurin tsayawa, direba ya sauka ya taka da ƙafa, ya dawo ya tarar da takardar tara. Keke yana tsayawa a bakin ƙofa. Wani binciken Jami'ar Westminster na 2021 ya gano cewa a tsakiyar Landan keken kaya yana isar da fakiti da saurin da ya ɗara na mota da kusan kashi 60 cikin 100. Birane kuma suna ƙara tsananta wa motoci masu hayaƙi: Landan ta kafa yankin biyan kuɗin hayaƙi a 2019 ta faɗaɗa shi a 2023, wasu biranen Holan sun fara rufe tsakiyarsu ga motocin kaya masu hayaƙi daga Janairun 2025. Manyan kamfanoni sun gani. UPS ya fara gwada keken kaya a Hamburg tun 2012, DHL yana da keke mai taya huɗu da ke ɗaukar akwati mai nauyin kilo 125, Amazon ya buɗe ƙaramin sitonsa na kekuna na farko a Birtaniya, a Landan, a 2022.

Wannan ba ya nufin duk kamfanin keken kaya zai tsira. Ribar kai fakiti siririya ce, keken yana da tsada, gyaransa ma haka, kuma ba ya aiki sai da ƙaramin sito a cikin gari inda babbar mota za ta sauke kaya, hayar wuri a tsakiyar birni kuwa an san yadda take. Zedify, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin keken kaya a Birtaniya, ya durƙushe a farkon 2025. Amma ga mahayi akwai bambanci: wanda ya iya sarrafa keke mai nauyi, ya iya tsara fakiti ɗari bisa jerin tituna, ya san aikin sito, idan kamfani ɗaya ya faɗi wani zai neme shi. Kuma akwai matakala a sama: mai rabon aiki, makanike, mai kula da sito, mai horar da sababbi. Gwiwa ba ta dawwama, don haka wannan matakalar ba ƙaramin abu ba ce. Abu ɗaya da za a kiyaye: sau da yawa tambarin da ke jikin akwati na babban kamfani ne, amma wanda ya ɗauke ka ɗan kwangila ne. Ka duba sunan wa ke kan takardar.

Kwastomomin kanka

Wannan ita ce hanya mafi wuya, kuma ita na fi so. Abin da a da sai kamfani mai jari ke da shi, wato taswira da na'urar bin sawun kaya da tsarin karɓar oda da biyan kuɗi, yanzu yana cikin wayar kowa. Bayan faɗuwar Take Eat Easy, wasu a Faransa suka kafa CoopCycle a 2017, wadda ke samar da manhaja ga ƙungiyoyin mahaya, da sharaɗin cewa sai ƙungiyar da ma'aikatanta ke da ita za ta yi kasuwanci da manhajar. Mensakas a Barcelona mahayan da suka taso daga rikici da Deliveroo ne suka kafa ta. Olvo a Paris da Urbike a Brussels sun ginu kan dakon kaya.

Abin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka koya shi ne kada a yi gasa da manyan manhajoji a fagen da suka fi ƙarfi. Abincin dare na mutum ɗaya aike ne guda, ana so cikin gaggawa, kuɗinsa kaɗan, kuma manyan na iya yin ragi har su kashe ka. Kuɗin yana wurin 'yan kasuwa masu buƙata kullum: gidan burodin da ke raba wa shaguna da asuba, kantin magani, ɗakin gwaji, maɗaba'a, mai gyaran injuna, ofishin lauya da har yanzu yake da takardun asali. Waɗannan suna son mutum ɗaya da suka sani, mai zuwa a lokaci, wanda idan abu ya ɓata za su kira shi da suna. Kuma za ka iya haɗa aikensu a zagaye ɗaya, ka ajiye kaya wuri goma a tafiya guda. Ribar keke daga haɗa aike take fitowa, ba daga gudu ba.

Wahalarta kuwa a fili take. Kai ne mai tallan kanka, kai ne akanta, kai ne mai bin bashi. 'Yan kasuwa da yawa ba sa biya sai ƙarshen wata ko bayansa, alhali taya ba ta jira. Idan kaya ya lalace kai za ka biya, sai in kana da inshora. Idan kai kaɗai ne, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ita ce ranar da kwastoma zai nemi wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa mutum uku ko huɗu sun fi ɗaya, amma haɗin gwiwa yana zuwa da nasa ciwon kan: taro, gardama kan wanda ya fi aiki, rabon kuɗi. Ƙungiyar da ba ta rubuta dokokinta tun ranar farko ba, zumunci ne zai biya kuɗin. Kuma a farko abin da za ka samu zai iya gaza na manhaja. Bambancin shi ne kowane wata kana ƙara wani abu da yake naka.

Keken da kuma garin

Zaɓin hanya yana tafiya da zaɓin keke. Keke na gargajiya shi ne mafi arha, kowa na iya gyara shi, ya isa fara aikin manhaja a gari shimfiɗaɗɗe, amma inda abokan gasarka ke kan lantarki za su riƙa wuce ka. Keken lantarki yana ƙara yawan aiken da za ka yi a yini, yana kuma tausaya wa gwiwa. A Tarayyar Turai, muddin injinsa bai wuce wat 250 ba kuma yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, keke ne a idon doka; ya wuce haka ya shiga sahun babur, da lasisi da inshora. Kada a yi arha a batir. A 2023 gobarar batiran irin waɗannan ababen hawa ta kashe mutum 18 a New York, a shekarar kuma birnin ya hana sayar da waɗanda ba su da shaidar inganci. Keken kaya kuwa bai kamata mutum ya saya ba sai yana da kwastoman da zai cika shi.

Garin ma yana da ta cewa. Keke yana cin nasara ne inda gidaje da shaguna suka matsu wuri guda, tafiya gajera ce, mota kuma tana shan wahala. A birnin da ya bazu, mai tudu ko zafi mai tsanani, babur zai doke shi, kuma ba tsarin kasuwancin da zai canza wannan.

Batun mutum-mutumi da jirage marasa matuƙa ba ya hana ni barci tukuna. Ƙananan akwatunan Starship masu tafiya da kansu suna aiki a Milton Keynes ta Ingila tun 2018, da harabar jami'o'i, inda hanya take a share. Amazon ya dakatar da gwajin nasa a 2022. Zipline yana kai jini ta sama a Ruwanda tun 2016, a tazarar da keke ba ya zuwa dama. Hawa bene, neman ƙofar da ba ta da lamba, ratsa kasuwa mai cunkoso, har yanzu aikin mutum ne. Idan na'ura za ta fara cin wani ɓangare, aike ƙarami mara nauyi a unguwa mai tsari za ta fara da shi, wato irin wanda manhajojin abinci ke rayuwa a kansa.

To wanne za ka ɗauka?

Idan kuɗi kake buƙata wannan makon, ko karatu kake yi, ko wata shida kawai kake son cikewa, shiga manhaja ba tare da jin kunya ba. Ka yi rajista da fiye da ɗaya inda aka yarda, kada ka ci bashi don sayen keke mai tsada saboda ita, kuma ka riƙa rubuta awanninka da kashe-kashenka tun makon farko.

Idan kana da iyali kuma kana son sanin abin da zai shigo ƙarshen wata, nemi albashi, ka fifita fakiti da kayan 'yan kasuwa kan abinci. Kafin ka sa hannu ka tambayi wa ke da keken, wa ke gyara shi, ko ana biyan lokacin jira da lodi, awa nawa aka ba ka tabbacinsu a mako, da wanda zai biya asibiti idan mota ta buge ka.

Idan kuwa kana ganin kanka cikin wannan harka nan da shekara goma, hanya ta uku ce taka, amma ba da tsalle ake shigarta ba. Ka yi shekara kana aiki ƙarƙashin wasu, ka koyi gari da farashi, ka lura da shagunan da ke kuka da masu kai musu kaya. Ka sami kwastoma biyu ko uku masu aike kullum a safiya, ka ci gaba da manhaja da dare tana riƙe ka. Ranar da kwastomomin safiya suka isa biyan haya da gyaran keke, ka nemi abokin da zai tsaya maka idan ka kwanta, ku rubuta yarjejeniya, sannan ku fara maganar keken kaya.